Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Da Shugabannin Ƙananan Hukumomin Birni Kan Faɗan Daba Da Ƙwacen Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf, da masu girma shugabannin ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku sauke nauyin da ke kanku lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne. Tun da na ajiye alli mutanen unguwarmu suka ɗora mini riƙon littafin kwamitin sintiri. Ni ke rubuta gidan da ya biya kuɗin wata da wanda ya ce a yi masa haƙuri, ni ke rubuta abin da ya faru da daddare idan gari ya waye. Da yawun wannan kwamiti nake magana, da magidantan da suke tara kuɗin, da samari goma sha biyun da suke kwana a waje da gora da tocila, da iyaye matan da ba sa runtsawa sai sun ji ɗan da ya fita ya dawo ya danna sakata. Ban ambaci sunan unguwarmu ba, kuma kafin ku kai ƙarshen takardar nan za ku gane dalili. Amma wanda yake zaune a Ɗorayi ko Sheka, Kurna ko Rijiyar Lemo, Ƙofar Mata ko Rimin Kebe, zai zaci labarin layinsu nake bayarwa.

Ba za mu ce ba a yi komai ba, don mun san an yi. A watan Mayun 2023, gab da saukar gwamnatin da ta gabata, majalisar tsaron jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A cikin shekarar dai, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Muhammad Usaini Gumel, aka kira 'yan daba su ajiye makami a yi musu afuwa, da dama kuma suka amsa. An farfaɗo da cibiyar gyaran hali ta Kiru. An ƙirƙiro ma'aikatar tsaron cikin gida. A 2025, ranka ya daɗe, ka sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni, kafin shekarar ta ƙare aka ƙaddamar da jami'ai 2,000 da motoci da babura. Duk mun ji a rediyo, mun yi murna, wasunmu har kabbara suka yi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, tsakanin wurin bikin ƙaddamarwa da bakin lungunmu akwai tafiya, kuma har yau tafiyar ba ta iso ba.

Bari in ba ku labari ɗaya, shi ne ya tunzura kwamiti ya ce sai na rubuta. A goman ƙarshe na azumin da ya wuce, lokacin da teloli ke kwana a kan keke saboda ɗinkin Sallah, wani yaro mai koyon ɗinki ya tashi daga shago wajen ƙarfe biyu na dare zai je gida ya yi sahur. Tsakanin shagon da gidansu bai kai tafiyar minti biyar ba. A wata kwana da ke bayan wani kango samari uku suka tare shi. Bai yi gardama ba, ya miƙa wayar. Amma da yake ya ɗaga hannu yana kare fuskarsa, ɗaya daga cikinsu ya sauke masa wuƙa a tafin hannun dama. Wayar tsohuwa ce, gilashinta ma a tsage yake. A baro muka ɗauke shi zuwa bakin titi. A asibitin da muka fara zuwa aka ce sai mun kawo takardar 'yan sanda, alhali sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Yau yaron yana raye, alhamdu lillahi, amma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Tela ne da ba ya iya riƙe almakashi. A daidai inda aka sare shi akwai turken fitilar sola, akwatin batirinta a buɗe, wayam. An sace batirin tun kafin damina biyu da suka wuce.

To, daga wannan turken zan fara, kuma maganar taku ce, masu girma ciyamomi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da gina tituna da kula da su, da fitilun kan titi, da magudanan ruwa, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Manyan titunan birni suna da haske, gwamnatin jiha ta yi ƙoƙari a nan. Sai dai mai ƙwacen waya ya fi ƙaunar lungu, inda mutum biyu ba sa iya jerawa, inda kwata ta cinye rabin hanya, inda ya san ko an biyo shi zai ɓulle ta wani zauren ya fita ta bayan wani gida. Mun rubuta wa sakatariyar ƙaramar hukumarmu sau uku kan fitilu tara da suka mutu. An karɓi takarda, an buga mata hatimi, shiru kake ji. Kangwayen da masu su suka yi watsi da su shekara da shekaru sun zama majalisar shaye-shaye da ma'ajiyar makamai, kuma babu wanda ya taɓa aika wa mai kango sammaci. Ko lambar gida ba mu da ita. Idan ka kira jami'an tsaro cikin dare, kwatance za ka yi ta yi: bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, ka karya hagu wajen tiransifoma. Kafin su gane wurin an gama an watse, sai ihu bayan hari.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a watan Oktoban shekarar kuma aka yi zaɓen da ya kawo ku. Mu talakawa ba ma ganin takardun asusu. Idan kuɗin yana zuwa hannunku, ina aikin? Idan ba ya zuwa, ku fito ku faɗa mana, mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Kansilanmu, Allah ya ba shi lafiya, rabonmu da shi tun ranar da ya zo godiyar zaɓe.

Abu na biyu ya fi duhun lungu ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɓoye sunan unguwa. Ana kama yaran nan. 'Yan sanda suna kama su, muna ganin ana holensu da tarin wuƙaƙe da adduna da gariyo da barandami a gabansu. 'Yan sintirinmu ma suna kamawa su miƙa. Abin da ke faruwa bayan kamun shi ne yake kashe wa jama'a gwiwa. Ɗaya daga cikin ukun da suka sari telan nan an gane shi, domin wani dattijo mai sayar da itace ya gan shi daga rumfarsa, ya kuma yarda ya ba da shaida. Aka kama yaron ranar Litinin. Ranar Alhamis da la'asar sai ga shi a kan babur, ya tsaya a gaban rumfar dattijon, bai ce uffan ba, ya ɗauki kusan minti biyar yana kallonsa, ya tayar da babur ya tafi. Washegari dattijon ya same ni bayan sallar asuba ya ce, "Malam, cire sunana daga littafin nan. Ni ban ga komai ba." Na cire. Da ni ne ma haka zan ce.

Mun san beli haƙƙin wanda ake tuhuma ne, ba mu ce a tsare kowa ba shari'a ba. Tambayarmu ita ce, idan an ce ƙwacen waya da makami fashi ne, yaya wanda aka kama da wannan laifi yake dawowa gida cikin kwana uku? Wa ya tsaya masa? A unguwa kowa ya san amsar, ana dai faɗinta ne ƙasa-ƙasa. Yaran da suke tare mu a lungu su ne waɗanda ake lodawa a motoci lokacin kamfen, a raba musu ƙwaya da 'yan kuɗi, su yi wa mai gida rakiya suna kaɗa makami a sama. 'Yan jagaliya ba daga sama suke faɗowa ba, kuma babu jam'iyyar da za ta ce hannunta a wanke yake. Zaɓe ya wuce, mai gida ya shige ofis, yaro ya rage da wuƙarsa da jarabar ƙwayarsa, babu mai ba shi na kashewa. Wa zai juya wa? Mu. Idan aka kama shi kuma sai waya ta yi ƙara daga sama, saboda za a sake buƙatarsa. Ga 2027 tana ƙaratowa. Mun riga mun fara ganin fuskokin da suka ɓace suna dawowa da sababbin babura.

Ita kuma wayar da aka ƙwace, ina take zuwa? Yaron da ya sari mutum saboda waya ba kira zai yi da ita ba. Kafin gari ya waye ta canza hannu. Idan mai tsada ce a goge ta a sayar, ko a fita da ita wani garin. Idan ta ƙi buɗuwa a farke ta, a sayar da gilashi daban, batiri daban, injin daban. Wani lokacin ma layin da ke ciki ya fi wayar daraja, don da shi ake shiga asusun bankin mai ita a kwashe abin da ke ciki kafin ya samu ya rufe. Galibin 'yan kasuwar waya na Farm Centre da titin Beirut mutanen kirki ne masu neman halal, ɗaliban da na koyar suna cikinsu, kuma su ma abin yana ɓata musu suna. Amma muddin akwai teburin da zai karɓi waya ba kwali ba rasit, ba a tambayi mai ita ko waye ba, to an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Kowace waya tana da lambarta ta IMEI, wadda ko yaro ya danna *#06# zai gani. Ba mu ga abin da zai hana a wajabta wa duk mai saye da sayar da tsohuwar waya ya rubuta wannan lamba da lambar katin ɗan ƙasa na wanda ya kawo ta ba.

Ƙwaya kuwa ba sai na tsawaita ba. An haramta maganin tari mai kodin tun 2018, a 2024 kuma aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro domin a iya sa ido. Duk da haka a layinmu yaro ɗan shekara goma zai nuna maka gidan da ake sayar da tiramol da wiwi, da lokacin da kaya suke sauka. Abin da yaro ya sani, ban yarda hukuma ba ta sani ba.

Sai maganar tubabbu. Ni ina cikin masu goyon bayan afuwa, ko da yake wasu a kwamitinmu suna ganin lada ce ake bai wa mai laifi. Dalilina shi ne na koyar da wasu daga cikin yaran nan a aji uku da aji huɗu, na san lokacin da suke kuka idan an ƙwace musu fensir. Akwai wanda ya ajiye makami a 2023, ya yi rantsuwa, ya yanke sumar nan, ya koma sahun gaba a masallaci. Wata uku yana zuwa wurina yana tambaya ko an kira sunansu a maganar sana'a. Masu shago suna tsoron ɗaukarsa, tsofaffin abokansa suna yi masa dariya, abokan gabarsa na wata unguwa kuma ba su yi rantsuwar komai ba, suna nan suna jiransa. A wata na biyar ya koma. Tuba na kwana ɗaya ne a gaban kyamara, amma ci da sha na kullum ne. A da, saurayin da bai yi nisa a karatu ba yana iya samun aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa ko Challawa. Yawancinsu yanzu sun rufe. Wanda aka ce ya ajiye wuƙa, sai an sa masa wani abu a hannun, a kuma riƙa leƙa shi ana ganin yadda yake.

Game da sabuwar rundunar tsaron unguwanni, muna yi mata fatan alheri, amma mu yi lissafin 'yan firamare. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Idan aka raba mutum 2,000 daidai wa daida, kowace mazaɓa za ta samu mutum huɗu da ɗoriya. Huɗun nan za su yi aikin dare da rana, za su yi rashin lafiya, za su je ta'aziyya. Ga kuma 'yan uwanmu na Shanono da Tsanyawa da ke fama da 'yan bindigar da ke tsallakowa daga iyakar Katsina, waɗanda kowa ya san sun fi mu buƙatar ɗauki. Ke nan rundunar ba za ta iya maye gurbin 'yan sintirin unguwa ba, sai dai ta yi aiki da su. Har yau kuwa babu wanda ya zo ya tambayi yaranmu sunayensu. Su ne suka san wane zaure ne yake ɓullewa wane lungu, su ne suka san baƙon da ya kama haya makon jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da muke ba su a wata bai kai kuɗin buhun shinkafa ƙarami ba, daga naira ɗari biyar-biyar da gidaje ke bayarwa. Wanda aka ji wa rauni a bakin aiki, karo-karo muke yi a masallaci mu kai shi asibiti.

Ba na wanke 'yan sintiri. Akwai waɗanda idan sun kama yaro sai sun yi masa dukan kawo wuƙa kafin su miƙa shi, akwai masu fakewa da rigar su rama tsohuwar gaba. Jihohin Katsina da Zamfara sun riga mu kafa irin wannan runduna, ɗaya a 2023 ɗaya a 2024, kuma tare da yabon da aka yi musu an ji koke-koken wuce gona da iri. Horo da sa ido ne maganin wannan, kuma gwamnati ce kaɗai take da ikon yin su. Haka masu unguwanni. Su ake fara tasa cikin dare, su ake kira shaida, su ake zagi idan an kama ɗan wani, amma ba su da ko kuɗin katin waya daga hukuma.

Mu ma da namu laifin, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai uwar da take ɓoye addar ɗanta a ƙarƙashin gado. Akwai uban da zai sayar da akuya ya karɓo ɗa, ya dawo yana zagin wanda ya kai ƙara. Akwai mai gidan hayar da ba ruwansa da wanda ya zuba a ɗakunansa in dai kuɗi ya shigo. Muna faɗa wa juna wannan a taron unguwa, wani lokacin har a tashi baram-baram. Kuma muna ganin abin da lamarin yake jawo mana: saboda 'yan daba an sha dakatar da tashe a Kano, jikokina sun taso ba su san daɗin da muka sani na daren goma ga azumi ba. Masu zuwa sallar asuba sun ragu, masu zuwan ma a gida suke barin waya. Mai ƙosai da mai shayin da suke kaiwa sha biyun dare yanzu ƙarfe tara sun tattara.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ga roƙonmu gare ka.

A ware kotuna na musamman da za su riƙa sauraron shari'o'in daba da ƙwacen waya cikin hanzari, sannan ma'aikatar shari'a ta riƙa sanar da jama'a duk bayan wata uku: mutum nawa aka kama, nawa aka gurfanar, nawa aka yanke wa hukunci, nawa aka sallama kuma saboda me. Holen masu laifi mun gani ya ishe mu, ƙarshen shari'a muke son ji. A samar da hanyar da mai shaida zai ba da bayani ba tare da wanda ake tuhuma ya san gidansa ba. Duk wanda ya tsaya wa mai irin wannan laifi a rubuta sunansa da muƙaminsa, idan yaron ya sake, a nemi wanda ya tsaya masa. Kuma muna roƙonka ka tara shugabannin jam'iyyu, taka da ta hamayya, kafin a buga gangar siyasa, kowa ya sa hannu a gaban jama'a cewa ba zai yi yawo da masu makami ba, wanda aka gani da su kuma doka ta hau kansa ko na kusa da kai ne. Ta kan naka za a gane da gaske ake.

A zauna da shugabannin kasuwannin waya a fito da rajistar saye da sayarwa, a kuma bi masu karɓar kayan sata da irin zafin da ake bin yaran. A tunatar da asibitocin gwamnati, a rubuce kuma a manne a bango, cewa a fara tsayar da jini kafin a tambayi takarda. Tubabbu a haɗa kowannensu da mai sana'ar da zai riƙe shi, gwamnati ta ɗauki nauyin koyon, a ba mai unguwa da limami alhakin bibiyarsa na aƙalla shekara guda. Rundunar tsaron unguwanni kuma a tsare ta daga zama ta 'yan jam'iyya, a buga lambar wayar jami'inta na kowace mazaɓa a ƙofar masallatai da makarantu, lambar da idan an kira ƙarfe biyun dare za a ɗauka.

Ku kuma masu girma ciyamomi, namu gare ku ba shi da tsada. Ku tura a ƙirga matattun fitilun lunguna a gyara su, a ɗaga batiran sama a yi musu keji. Ku bai wa masu kangwaye wa'adi, ko su gina, ko su katange, ko hukuma ta ɗauki mataki. Ku sa wa layuka suna, gidaje lamba. Ku yi wa 'yan sintiri rajista, a tantance su, a ba su katin shaida da tocila da rigar ruwa da ɗan alawus, a ɗauki nauyin maganin wanda ya ji rauni. Sannan kowane kansila ya riƙa zama da masu unguwanni da limamai da baturen 'yan sandan yankinsa da wakilan mata da matasa sau ɗaya a wata, a rubuta abin da aka tattauna. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa tsakanin 'yan sanda da al'umma, ba sabon abu muke ƙirƙirowa ba.

Littafin kwamitinmu yana nan, da kwanan wata da lokacin duk abin da ya faru a layukanmu tun da na karɓe shi. Duk jami'in da kuka turo da niyyar aiki za mu buɗe masa, mu zaga da shi bayan sallar isha'i ya ga turakun fitilun da idonsa. Sai dai mu roƙe shi ya bar babbar wayarsa a mota.

Allah ya zaunar da Kano lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya yi muku jagora.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren kwamitin sintiri na wata unguwa a birnin Kano,
a madadin magidanta da iyaye mata da 'yan sintirin unguwar.